Raunin 'yan wasan Arsenal: laifin masu jinya ne ko na mai ɗora kaya?

Tambaya: "Likita, ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu. A kakar 2024/25 tsokar bayan cinya ta kwantar mana da Saka, Martinelli, Havertz da Gabriel, ga Jesus kuma gwiwa ta tafi. A majalisarmu an yanke hukunci cewa likitocin kulob ɗin da masu ba 'yan wasa horon ƙarfin jiki ba su san aikinsu ba, a sallame su kawai. Gaskiya ne?"

Amsa: Malam, sannu da haƙuri. Duk wanda ya ga Mikel Merino, ɗan wasan tsakiya, yana buga lamba tara don babu sauran ɗan gaba mai lafiya, ba zai ga laifin majalisarku ba don ta fusata. Sai dai hukuncin ya yi gaggawa. Na daɗe ina gashin ƙashi da jinyar 'yan ƙwallo, kuma abin da na fi gani shi ne a bar jaki ana dukan taiki. Mai jinya shawara yake bayarwa. Yawan wasan da yaro zai buga, da nauyin atisayen da zai ɗauka, da yawan 'yan wasan da za a saya domin a riƙa hutar da shi, duk suna hannun wasu mutane daban.

Ka ga waɗanda kuke tarawa wuri ɗaya ku kira "likitoci", aƙalla kashi uku ne. Akwai likitan ƙungiya, mai gano ciwo, mai tura yaro a ɗauki hotonsa, mai cewa a yi tiyata ko kada a yi. Akwai mu masu gashi, da muke karɓar yaro tun yana dogara sanda har ya koma gudu. Sannan akwai masu horon ƙarfi da juriya, waɗanda ke karanta bayanan 'yar na'urar nan da ake maƙala wa ɗan wasa tsakanin kafaɗunsa, a cikin wata 'yar shimi da za ka gani idan ya cire riga. Na'urar tana faɗa musu kilomita nawa ya yi, sau nawa ya sheƙa a guje, sau nawa ya taka birki. Duk su ukun rahoto suke kai wa koci. Shi ke rubuta sunayen mutum goma sha ɗaya.

Haka raunin ma ba iri ɗaya ba ne. Tun da ka ce tun zamanin Kanu kake, ka tuna Abou Diaby da aka farfasa wa idon sawu a Sunderland a 2006, da Eduardo a Birmingham a 2008, da Aaron Ramsey a Stoke a 2010. Ƙeta aka yi musu, ƙashi ya karye. Babu atisayen da zai hana ƙwauri karyewa idan ƙato ya sauka a kansa da takalmi. Wannan shi ne tsautsayin da ba ya wuce ranarsa. Martin Ødegaard ma da ya yi kusan wata biyu yana jinyar idon sawu, a rigar ƙasarsa Norway ya ji ciwon, a watan Satumban 2024, nesa da duk wani ma'aikacin Arsenal. Na Gabriel Jesus, wato tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa da ake kira ACL, a wasan kofin FA da Manchester United ranar 12 ga Janairun 2025, yana tsaka-tsaki: atisayen koyon sauka da juyi yana rage haɗarinta, amma ba ya kawar da shi, kuma babban kulob a Turai yakan gamu da ita kusan sau ɗaya a kaka biyu ko da wa yake aiki a ɗakin jinyarsa.

Inda tambayarka take da nauyi shi ne tsokar bayan cinya. Mutum huɗu cikin wata uku da 'yan kwanaki, uku daga cikinsu har sai da aka yi musu tiyata. Ruwa ba ya tsami banza, don haka bari mu daɗe a nan.

A 2001 wani farfesa ɗan ƙasar Suwidin, Jan Ekstrand, ya fara jagorantar wani bincike na hukumar UEFA, inda manyan ƙungiyoyin Turai ke aiko masa da bayanin duk raunin da ya hana ɗan wasa atisaye ko wasa. Abin da ya fito shi ne ƙungiya mai 'yan wasa 25 ta sa ran rauni kusan 50 a kaka guda, wato kowane yaro sau biyu. Wannan shi ne na yau da kullum, kafin a ce an shiga masifa. A farkon binciken, raunin bayan cinya kashi 12 cikin ɗari ne na dukkan raunuka. Zuwa kakar 2021/22 ya kai kashi 24. Ya ninka cikin shekara ashirin, a daidai lokacin da kulob-kulob suka fi kowane zamani yawan ma'aikatan lafiya da kayan aiki. Da ƙarancin gwaninta ne matsalar, ai da adadin ya sauka. Wasan ne ya sauya: an fi gudu, an fi matsa wa abokin hamayya tun daga gidansa, 'yan baya sun fi tsayawa kusa da tsakiyar fili, ga fili fetal a bayansu wanda sai da gudun tsiya ake rufe shi.

Ga yadda tsokar take yagewa. Idan mutum ya kai ƙarshen gudunsa, ƙafarsa tana cillawa gaba kamar an harba ta. Kafin ta taɓa ƙasa, tsokar bayan cinya ce take riƙe ta, tana taka mata birki alhali ita kanta ana jan ta tana miƙewa. Ka ɗauka igiyar guga ce da ake son ta tsayar da guga cike da ruwa yana tsakar faɗawa rijiya. Idan igiyar ta gaji, ko ba ta saba da irin wannan fizga ba, sai ta tsinke. Idan naman ne kawai ya tsage, mako biyu zuwa huɗu yaro ya dawo. Idan tsagewar ta shiga farar jijiyar da ke ɗaure tsokar da ƙashi, magana ta zama ta watanni, wani lokaci sai an yanka an ɗinke. Abin da ke sa aikin ya yi wuya shi ne gudun da ke yaga tsokar shi ne kuma rigakafinta. Yaron da aka hana sheƙawa a guje a atisaye don ana lallaɓa shi, ranar wasa zai gamu da fizgar da jikinsa bai sani ba. Wanda kuma ake sa shi yana yi kullum ba hutu, igiyarsa za ta lalace. Gwanintar mai horon jiki duk tana cikin gano tsakiyar nan, kuma tsakiyar Saka daban take da ta Havertz.

To yanzu dubi kayan da aka ɗora wa Saka. Yaron nan ya buga wasan Firimiya 87 a jere ba fashi, abin da babu ɗan Arsenal da ya taɓa yi a gasar, sai a Oktoban 2023 jerin ya katse. Ya je gasar cin kofin Turai da Ingila har wasan ƙarshe ranar 14 ga Yulin 2024. Ranar 17 ga Agusta yana fili yana ci wa Arsenal ƙwallo a ragar Wolves. Kwana 34 ke nan tsakani, a ciki zai huta, a ciki zai sake gina jiki. A Oktoba ya fita yana ɗingishi a wasan Ingila da Girka, ya rasa wasa biyu na kulob, ya dawo. Ranar 21 ga Disamba a gidan Crystal Palace, yana ƙoƙarin bugo ƙwallo daga gefe, tsokar ta tafi. Jiki magayi, kuma ya daɗe yana magana. Tun a 2022 da aka tambayi kocin Arsenal Mikel Arteta kan hutar da yaron, amsar da ya bayar ita ce manyan 'yan wasan duniya wasa saba'in suke bugawa a kaka, duk bayan kwana uku, kuma mai son kai wa matsayinsu dole ya iya. Ra'ayin koci ke nan, a bainar jama'a ya faɗa. Wane mai gashi ne zai ja da shi?

Ka haɗa da jadawali. A kakar ta 2024/25 aka sauya tsarin gasar Zakarun Turai, wasannin zagayen farko suka tashi daga 6 zuwa 8, biyu daga ciki suka faɗo a Janairu, watan da dama can a Ingila ba a numfashi. Binciken Ekstrand ya nuna raunin tsoka ya fi yawa idan tazarar wasa da wasa kwana huɗu ce ko ƙasa, idan aka gwada da kwana shida ko sama. Ya kuma nuna ƙungiyoyin da ba su da hutun hunturu, wato na Ingila a lokacin, suna asarar kwana 303 fiye da sauran a kaka guda saboda jinya. Wani Bafaranshe, Grégory Dupont, ya bi 'yan wasan wani babban kulob tsawon kaka biyu, ya wallafa a 2010 cewa masu buga wasa biyu a mako suna samun rauni 25.6 a kowace awa dubu, masu buga ɗaya kuma 4.1. Abin mamaki a binciken nasa, nisan gudun da suke yi a fili bai ragu ba. Wato mai kallo ba zai ga gajiyar ba. Yaro yana gudu kamar kullum har ranar da zai dafe cinya.

Sannan ka haɗa da kasuwa. A bazarar 2024 Arsenal ta sayar da Eddie Nketiah da Emile Smith Rowe, ta ba da aron Reiss Nelson da Fábio Vieira, ta karɓo aron Raheem Sterling wanda bai tsinana abin kirki ba. Da Saka ya kwanta, Jesus ya bi shi, aka rufe kasuwar Janairu ba a sayi ɗan gaba ko ɗaya ba. Nauyin mutum biyar ya koma kan mutum uku. Martinelli ya faɗi a Newcastle ranar 5 ga Fabrairu. Havertz, wanda kocinsa ya gama yabon ƙarfin halittarsa, ya yage tasa 'yan kwanaki bayan nan a sansanin atisaye a Dubai, yana miƙa ƙafa zai tare ƙwallo. Rauni yana haifar da rauni: duk wanda ya kwanta, ya ƙara wa na tsaye kaya. Mu a ɗakin jinya muna ganin abin yana tahowa kamar hadari, amma ba mu da kuɗin sayen ɗan wasa.

Kuma kada a manta, kakar da ta gabaci wannan, ƙarƙashin koci ɗaya, a filin atisaye ɗaya, William Saliba ya buga kowane minti na wasanni 38 na Firimiya, kuma ban ji majalisar da ta zauna ta yaba wa masu gashi ba.

Batun "a sallame su" kuwa, an sha gwadawa. Real Madrid ta rabu da mai horon ƙarfin jikinta Antonio Pintus a 2019 ta ɗauko wannan Dupont ɗin dai, mutumin da ya kula da ƙarfin jikin tawagar Faransa da ta ci kofin duniya a 2018. A kakar 2020/21 rauni ya yi wa Madrid katutu, aka ce laifin Dupont ne, aka dawo da Pintus a 2021 ana kirari. Pintus yana nan Courtois da Militão suka tsinke jijiyar gwiwa a mako guda a Agustan 2023, Alaba ya bi su a Disamba. Shekara na zagayowa Carvajal ya tsinke tasa, Militão ya sake tsinke ta ɗaya ƙafar. Wanne ne a cikin mutanen biyu bai iya aiki ba? A Bayern Munich, Dakta Hans-Wilhelm Müller-Wohlfahrt, likitan da su Usain Bolt ke tsallako teku su zo wurinsa, ya ajiye aiki a Afrilun 2015 bayan shekara 38, washegarin da Porto ta doke su 3-1, yana cewa an ɗora wa sashen lafiya laifin rashin nasarar. Zamanin Pep Guardiola ke nan, kuma kowa ya san ba sa ga maciji. A 2017, bayan Guardiola ya tafi, Bayern ta sake kiran tsohon ya dawo.

Na Chelsea ya fi muni. Ranar 8 ga Agustan 2015, ana 2-2 da Swansea, Eden Hazard ya faɗi, alƙalin wasa ya yafito masu jinya, Dakta Eva Carneiro da mai gashi Jon Fearn suka shiga. Doka ta ce wanda aka duba a fili sai ya fita, ga shi an riga an kori golan Chelsea, sai suka koma mutum tara na ɗan lokaci. Kocinsu José Mourinho ya zage su tas a gaban duniya, aka cire su daga benci. Likitar ta bar kulob ɗin, ta kai ƙara, aka sasanta a 2016 Chelsea ta ba ta haƙuri. Ka yi tunanin ƙaramin ma'aikacin da ya ga wannan. Gobe idan na'ura ta nuna masa tauraron ƙungiya ya gaji, zai buɗe baki?

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe, kuma ba ra'ayina kaɗai ba ne. Ekstrand da abokan aikinsa sun tambayi manyan likitocin ƙungiyoyi 36 a ƙasashe 17, suka gwada amsoshinsu da alƙaluman rauni. Inda magana ke gudana tsakanin koci da sashen lafiya, kwanakin jinya sun fi ƙanƙanta, 'yan wasa sun fi samuwa a atisaye da wasa. Inda koci ke jan mutanensa a jiki yana sauraronsu, munanan raunuka sun fi ƙaranci. Ingancin ma'aikaci bai tsaya ga takardunsa ba, har da ko ana jin maganarsa.

Ni kaina na ɗanɗana, a wata ƙungiya da na yi wa aiki a nan gida, ba sai na kama suna ba. Ɗan gabanmu ya ji cinya ta ɗaure a atisayen Laraba. Na duba, na ce a ba shi kwana goma. Koci ya ce Lahadi muna da wasan da ba a faɗuwa, wani babba a hukumar ƙungiyar ya kira ni a waya yana tambaya ko ni nake biyan yaron albashi. Shi kansa yaron ya same ni a ɓoye: "Oga, don Allah ka ce na warke, alawus ɗin wasan nan da shi zan biya kuɗin haya." Aka shafa masa man zafi aka ɗaure cinya. Minti ashirin bai cika ba ya faɗi, kwana goma suka zama wata biyu. Da na fito daga filin, ni 'yan kallo suke yi wa ihu. A Landan kuɗin sun fi yawa, na'urorin sun fi kyau, amma ɗan wasan da ke ɓoye ciwo don kada a ƙwace masa gurbi yana can, kocin da kujerarsa ke rawa ma yana can.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ma'aikatan da ba su iya ba, akwai kuma masu sakaci, har a manyan wurare. Misali, akwai wani atisaye mai sauƙi da ake kira Nodik: yaro ya durƙusa, wani ya danne masa dugadugai, ya riƙa sulalewa gaba a hankali yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya. Ba ya buƙatar ko sisin kwabo. Wani gwaji a Denmak da 'yan wasa 942, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna yana rage wannan rauni da kusan kashi 70 cikin ɗari. Da aka bincika a 2015, ƙungiyoyin da ke yin cikakken shirin kusan ɗaya cikin goma ne kawai. 'Yan wasa suna ƙin sa don yana sa ciwon jiki a makonnin farko, ma'aikata kuma suna kawar da kai. Wannan laifinmu ne, ba na koci ba.

Idan kana son ka auna ma'aikatan lafiyar kulob daga inda kake zaune a gidan kallo, daina ƙirga yawan waɗanda suka ji ciwo. Duba masu komawa. Yaron da aka ce ya warke, ya buga wasa biyu, ciwon ya dawo a wuri ɗaya, nan ne hannunmu yake fitowa ƙarara, domin ko ba a gano girman ciwon ba tun farko, ko an gaggauta, ko ba a kai shi ga cikakken gudu a atisaye ba kafin a sake shi. A alƙaluman Ekstrand kusan ɗaya cikin shida na raunin tsoka maimaici ne, kuma ya fi na farko daɗewa. Duba kuma ko "mako biyu" yana yawan zama wata uku. Duba yadda ake shigar da wanda ya dawo: minti ashirin, sannan sa'a guda, ko kuwa daga gadon jinya sai minti casa'in. Kuma ka haɗa kaka uku ko huɗu kafin ka yanke hukunci, don a ƙungiya mai mutum 25 sa'a kaɗai tana iya sa kaka ɗaya ta yi kyau ko ta ɓaci. AC Milan ta buɗe cibiyarta ta kula da lafiyar 'yan wasa, Milan Lab, a 2002, bayan ta sayi Fernando Redondo gwiwarsa ta lalace kafin ya buga mata wasa ko ɗaya. Maldini ya kai shekara 40 yana wasa, Costacurta 41, duniya ta ce an gano sirri. A wannan cibiyar dai Alexandre Pato ya yi ta yage tsoka har tauraruwarsa ta dusashe.

A nawa ganin, idan za a raba laifin abin da ya sami Arsenal a waccan kakar, kaso mafi tsoka na masu tsara yawan 'yan wasa ne da mai zaɓen wanda zai buga, sai jadawali, sannan a zo kan masu horon jiki, waɗanda dole a tambaye su yadda aka yi tsoka iri ɗaya ta tafi sau huɗu, da abin da suka faɗa wa koci kafin ta tafi. Tambaya ce ta cikin gida, wadda ya kamata shugabannin kulob su yi da takardun atisaye a gabansu.

Ta fuskar jinya kuwa, ga abin da kowa ya gani da idonsa. Saka ya yi kwana 101 a waje. Ba a gaggauta shi ba duk da Liverpool tana tserewa da kofi. Ranar 1 ga Afrilun 2025 aka sako shi daga benci a wasan Fulham, cikin 'yan mintoci ya ci ƙwallo da ka, ya ruga bakin fili ya rungume ɗaya daga cikin ma'aikatan da suka yi ta fama da shi. Bayan mako guda da shi aka fara wasan da Arsenal ta ci Real Madrid 3-0, kuma shi aka yi wa ƙetar da Declan Rice ya buga ta shiga raga. A wancan wasan na Fulham ɗin dai, tun kafin a cika minti ashirin, Gabriel ya bi wani ɗan wasa a guje zuwa gida, ya dafe bayan cinya ya zauna a ƙasa, kuma bai sake buga wasa ba a kakar.